Almakashin Luljeta

A hawa na huɗu, a Tirana,
inda ƙamshin gasasshen barkono ke shigowa ta taga,
wata mata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ran Talata.
Ta ce sunanta Majlinda.
Ba ta zauna ba, ba ta karɓi kofin gahawa ba.
Ta ce: Ke ce kika yanke babana?

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin tace fim,
ni da almakashi da gam da 'yar fitila.
Ban taɓa riƙe bindiga ba.
Haka nake faɗa wa jikokina,
haka nake faɗa wa matashin kai in dare ya raba.

Fim ɗin girbi ne, a wani ƙauye bayan Korca.
Buhuna har rufin rumbu,
na sama kaɗai ke da alkama,
na ƙasa duk garin katako.
Na sani. Mai kyamara ya sani.
Jakin da ya ɗauko su ma ya sani, don ko nishi bai yi ba.
An aro wa yara takalma daga birni,
ana gama ɗauka aka kwance, aka ƙirga, aka mayar cikin kwali.

Babanta na gefen hagu, hula a hannu.
Kowa na tafi, ban da shi.
Daƙiƙa shida.
Darakta ya ce wannan fuskar na ɓata mana hantsi.
Na sa almakashi, ƙyat,
na haɗa baki da baki, na shafa gam,
ko tabo ba ka gani.
Aka yaba mini, aka ba ni agogo.

Abin da ban gaya wa jikoki ba:
guntun bai tafi kwandon shara ba.
Wani mai ruwan tokar kwat ya miƙo ambulan,
ni kuwa na saka, har na lashi bakin na manne.
Mako uku, aka zo da mota cikin dare.
Ramin ma'adinai ya karɓe shi, bai yi amai ba.

Na ce mata: Umarni ne, 'yata.
Ta ce: Umarni ne ya zaɓi kiɗan?

Na yi shiru.
Ni na zaɓi kiɗan.
Kwana uku ina neman sarewar da za ta shiga daidai
lokacin da iska ke kwantar da zangarniya.
Ba wanda ya tilasta mini in iya.
Da na yi shi da gangan ya gurgunce, da an yi hamma an watse.
Amma hannuna ya ƙi, hannu mai son a ce da shi gwani.
Ta ce uwarta ta kalli fim ɗin a dandalin ƙauye,
cikinta fayau, mijinta a rami,
kuma da sarewar ta taso, sai da ta yi hawaye don daɗi.
Wannan hawayen ne ba ta yafe wa kanta ba har ta mutu.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Nawa da awo na haƙa shi, ya ci ƙauye guda.

Na jawo gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado.
Firam ɗaya na sace a ranar, ban san dalili ba,
ƙanƙane kamar farcen babban yatsa.
Ta ɗaga shi sama, wajen hasken taga,
ta runtse ido ɗaya.
Ta daɗe.
Ta ce: Ashe kunnuwansa ne a kan ɗana.

Ta naɗe shi a hankici, ta sauka,
ina jin takunta hawa huɗu har ƙasa.
Gahawar ta huce a kan tebur.
Agogon nan kuwa, tir da ingancinsa,
har yau bai taɓa ɓata minti ɗaya ba.