Kowane Ɗigo da Gonarsa

Rijiyar burtsatse arba'in da uku na ƙirga
daga Farin Gada zuwa bakin Dilimi.
Sati biyu ina tafe da waya a hannu,
ina tsayawa kan kowacce
sai tauraron ɗan'adam ya gan ni ya ba ni lamba.
A ta talatin takalmina ya buɗe baki.

Yanzu ga su a allon kwamfuta, ɗige-ɗige,
kamar an watsa wa kaji tsaba.
Ƙarfe ɗayan dare. Sanyin Jos ya bi ta ƙasan ƙofa
ya zo ya zauna a yatsuna.

Na rubuta umarni, manhaja ta ƙi.
Ta amsa da jan rubutu
irin na malamin da ya gaji da ɗalibi.
Waƙafi ɗaya na manta.
Waƙafi ɗaya! Minti arba'in ina lalube
alhali gurbinsa na kallona.
Na saka, na danna,

sai layuka suka tsiro
tsakanin ɗigo da maƙwabcinsa,
kowanne ya tsaya daidai rabin tazara,
ba cuta ba cutarwa.
Allon ya koma bayan kunkuru,
ko ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke
ba a yar da ko ɓalli ba.

Dakta Kangyang ta faɗa mana a aji:
"Dokar guda ce. Duk inda ka tsaya,
ɗigon da ya fi kusa da kai shi ne naka."
Na ce a raina, ko rabon gona a gaban mai unguwa
bai kai wannan sauƙi ba.

Amma duba.
Inda gidaje ke da doguwar katanga da waya a kai
gonakin ƙanana ne, kamar ƙumba,
ɗigo na taka ƙafar ɗigo.
Can gefe kuwa guda ɗaya ta baje
ta cinye rabin takarda.
A cikinta Ɗanliti ke tura kura,
jarka goma sha biyu, hawa da gangara,
kafin rana ta fito ya yi sawu uku.
A allo farin fili ne kawai. Ba a ganin guminsa.

Sai na nemi gidanmu.
Na ƙara girman taswira, na bi lungu da linzami.
Ga shi, a gonar lamba sha bakwai.
Taku ɗari biyu, in ji lissafi.

Na yi dariya ni kaɗai.
Sha bakwai tana tsallaken titi.
Tun shekarar da hayaƙi ya kwana uku a sama
ba wanda ya ɗauki bokiti ya nufi can,
su ma ba wanda ya zo sayen gawayi wurinmu.
Ashirin da shida muke zuwa, bayan dutse,
mu dawo da wuya a sage.

Manhaja ba ta san dutse ba.
Ba ta san kwata ba, ba ta san wancan hayaƙi ba.
Na duba teburin bayanai: gabas, arewa, zurfi, shekarar haƙa.
Babu gurbin da ake rubuta tsoro.

Da safe na buga a shagon Sagir, naira ɗari,
na shimfiɗa wa Inna kusa da murhu.
Ta goge hannu da zani, ta bi layin da yatsa.
"Wa ya yanka wannan?"
Na ce, na'ura.
"To ba ta san garin ba."

Ta koma kan koko tana damawa.
Can, ba ta ko juyo ba:
"Ruwan can ya fi daɗi fa.
Maman Nanret ce ke aje min dutse a layi
in na makara.
Ko tana nan?"

Wannan ba ya cikin abin da na ƙirga.
Ta ninke takardar gida huɗu,
ba ta maido min ba.