Kwana Ta Bakwai

Shekara goma sha tara ina jan bas a Curitiba,
daga sama nake kallon rufin motoci.
Yau ga ni cikin 'yar motar tsere,
tsakanina da kwalta bai fi tafin hannu ba.

Valdomiro ya ɗaure min hular kwano,
yatsunsa duk baƙin mai.
"Dama totur, hagu birki.
Kada ka haɗa su, ba shinkafa da wake ba ne."

Na yi dariya. Ni za a koya wa tuƙi?

Zagayen farko, kwana ta bakwai
ta wulwula ni kamar katantanwa,
na tsaya ina kallon inda na fito,
hancina cike da ƙaurin taya.

Tainara, 'yar shekara goma sha ɗaya,
ta wuce ni sau uku.
A na ukun har da ɗaga hannu.

"Fasinja kake jira a kwanar?" in ji tsohon.
"Taka birki tun kana miƙe, ka saki.
Kalli mafita, bar kallon shinge.
Inda ido ya je, can mota za ta."

Damatsana sun mutu, haƙarƙari na zugi.
A zagaye na ashirin da biyu
na shige ta daga gefe,
na shafi bakinta,
ta sake ni.

Ba wanda ya gani.
Valdomiro na can yana hura kofi.

Litinin da asuba, mutum sittin a bayana,
na doshi shataletalen kasuwa,
ƙafar hagu ta soma lalube.
Na ce mata: haƙuri,
sai Asabar.