Baki Shida, Maƙogwaro Huɗu

Jika arba'in na ƙirga a Kasuwar Dole,
aka ba ni faifai siriri, bai kai yankan kilishi ba.
Mai shi ya rantse har sau uku:
wannan ba tafiya yake ba, tashi yake.
Na dafe aljihu bisa kabu-kabu har Zango
kamar mai ɗauke da ƙwai yana addu'ar saukowa.

Mutari ya kwantar da kwamfutata bisa benci,
ya buɗe cikinta, ya zaro gawar kyankyaso biyu,
ya zura baƙon a gurbinsa, kusa ɗaya tak,
ya danna.
Kafin in aje kofin shayi ta farka.
Na ce, yau na rabu da dogon jira da hamma da tsayuwa.

Sai na nemi tsohon faifaina.
Babu.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton mutane:
sunan 'yan biyu a Garin Malam,
saukar karatu a Birni, fuskoki dubu na katin ɗan ƙasa,
da Iya Cima a bakin zaure tana ɓarar gyaɗa,
tana dariya da haƙori ɗaya,
wata biyu kafin a kai ta.
Duk babu. Ko gurbin sunansa allon bai nunawa.

Na miƙe. Na zauna. Na kira Mutari ɓarawo a zuci.
Shi kuwa ya ɗaga buta sama yana tsiyaya,
sai da kumfa ta hau ya ce:
"Ma'azu, lokacin da Alhaji Bara ya yi bene a bakin layinku
ya haɗa tiyonsa da naku,
ruwan Gogo ƙaruwa ya yi?"
Na ce, a'a. Tun ranar famfonmu tari yake yi,
iska yake furzarwa.

Ya nuna mini uwar allo da bakin turnabis.
"Ƙirga ƙofofi." Na ƙirga shida.
"Baki shida, amma maƙogwaro huɗu.
Ta biyar da ta shida tiyo ɗaya suke sha da gurbin baƙonka.
Ya zauna, an karkatar masa da ruwan,
tsohonka yana nan da ransa, ƙishi ne ya hana shi amsawa.
Masu ƙira sun rubuta, can shafi na talatin,
da rubutu kamar kiyashi,
wa ke karantawa?"

Ya cire waya daga ta biyar ya soka a ta biyu.
Abin ke nan. Ko zufa bai yi ba.
Faifan ya yi gyaran murya, ya juya,
Iya Cima ta dawo da gyaɗarta.
Na juya baya ina duban duwatsu ta taga,
kada yaron shago ya ga abin da ido ke zubarwa.

Ɗan Adam bai jin kunya:
kafin hawaye ya bushe na tambayi na uku.
Ya ce, "Gurbi akwai.
Amma katin hotonka hanya sha shida yake ci shi kaɗai,
ka ƙara baƙo, a bar shi da takwas.
Kowa zai sha, ba wanda zai yi wanka.
In kuma suka tashi ɗiba lokaci guda,
ƙofa ɗaya ce gabansu, sai layin jarka,
na gaba yana cika, na baya yana tsaki da leƙawa."

Daren nan ƙarfe uku Zuwaira ta jera bokitai.
Ina jin tankin Alhaji yana cika ta bayan katanga.
Na so in zage shi, na yi rabi na bari.
Na shiga ɗaki na kwafe Iya zuwa sabon faifai,
ita da duk jama'ar Damagaram da ke tare da ita.
Koren layi yana rarrafe.
A tsakar gida ɗigo ya fara faɗawa.