Bencin Laraba

Mangwaro ya faɗo kan kwanon ɗakina,
sai ga ni ƙarƙashin gado
ina laluben bindigar da na mayar wa gwamnati
shekara huɗu ke nan.
Kulu ta kunna fitila, ba ta ce uffan ba.
Ta iya shiru yanzu. Ni na koya mata.

A Zuru, gida nawa ne babu hoton mai kaki a bango?
Kakana ya je Bama ta ƙetaren teku,
ya dawo da lambar girma da labarin hira.
Ni na je Bama ta Barno,
na dawo da kunnen da ba ya barci.
Wa zan gaya wa jikan soja na tsoron mangwaro?

Na sha rubutu, na sha hayaƙi.
Allah ya saka wa masu yi.

Ran Laraba Ɗantani ke kai ni asibiti a mashin.
Bencinmu na ƙarshen baranda,
bayan masu awon ciki.
Mu shida ne, mu koma uku
in fansho ya makara.
Kowa na son gefen da ke kallon ƙofa,
ba mai tambayar wani dalili.

Malama Rifkatu ba ta riƙe allura.
Ta ce, Kofur Ango, ina ke ciwo?
Na duba jikina kaf,
na rasa wurin ɗora yatsa.
Ta ce, ja numfashi, ƙirga huɗu,
sake shi kamar mai hura wuta
da ba ya son toka ta tashi.
Faɗa mini abu biyar da kake gani.

Taga. Kalanda. Ƙadangare. Takalminki.
Na biyar na haɗiye shi,
don Manu ne tsaye bakin ƙofa
yana jiran gorar ruwan
da ya ce in riƙe masa, yanzu zai dawo.

Sai a Laraba ta tara na ambaci sunansa.
Rufin bai faɗo ba.
Saje Bawa da ke gefena ya cire hula,
ya ce nasa Iliya ne.

Ban ce na warke ba.
Daren jiya wani ya sake faɗowa,
na zabura, na ƙirga huɗu,
ban sauka daga gado ba.
Da asuba na tsinto shi, gefe guda ya fashe.
Kulu ta yanke wurin,
muka raba sauran.