Magarya ta Biyar

Mun bar Jidda bayan asuba
cikin motar haya mai gado da murhu,
kunkurun da ya saɓi gidansa ya hau kwalta.
Saboda bayan Umma muka ɗauko ta,
ba ta iya zaman awa biyu a kujera.
Ta miƙe tana jan carbi,
cokula na kaɗa haƙora cikin kabad
duk sanda na faɗa rami.

Suwaiba ta ƙirga raƙuma har arba'in,
barci ya sace mata sauran.

Bayan Bisha kwalta ta gaji da mu.
Sai rairayi, sai baƙaƙen duwatsu,
sai wata ƙofar ƙarfe da ba ta da katanga.
Ba kabari a nan, ba gini.
Magarya tara aka dasa a jere,
kowace da famfo a gindinta
da allon tagulla kamar tafin hannu.

Mai gadin, wani dattijo, Mushabbab,
ya dubi lambar motarmu, ya dubi goshin Suwaiba,
bai tambayi sunan kowa ba.
Ya ce: ta biyar.

Daga nan ana hango tsaunin can yamma,
shuɗi, shiru,
kamar bai taɓa cin mutum ba.
A can iska ta juya da la'asar,
a can mesa ta narke,
a can mutum tara suka sauka kwazazzabo
don wani mai zuma da ya ƙi barin amyoyinsa.
Mai zuman ya fita.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta,
shafa wa naka ruwa.
Nafi'u bai ji karin maganar daidai ba.
Ya ɗauki ruwan nasa duka
ya kai wa gemun wani.

Umma ta ƙi keken guragu.
Taku talatin da ɗaya, na ƙirga,
hannunta na nutsewa a kafaɗata.
Ta shafa tagullar, zafi ya sa ta janye,
ta sake shafawa.
Ta ce: sun rubuta shi da harafin da ya dace.
Shi ke nan abin da ta ce.

Suwaiba ta tsinci 'ya'yan magarya uku.
Kawu, halal ne a ci na Baba?
Na rasa malamin da zan tambaya.
Mushabbab ya ce: don haka aka dasa.
Ta ci biyu,
ta ɗaure ɗaya a bakin mayafi.

Na huɗu Ayid ne, na shida Mufarrih.
Ban san iyayensu ba,
amma na buɗe famfunansu,
tunda inuwarsu ta haɗe da tamu.

Da magariba sanyi ya sauko ba sallama.
Muka shige gidanmu mai taya.
Shekara uku Umma ba ta kalli harshen wuta ba,
a kicin ma baya take juyawa.
Na tsaya da ashana a hannu,
butar shayi na jira.

Ta ce: kunna mana.
Ba wannan ce ta ci shi ba.

Shuɗiyar wuta, ba ta kai farce ba,
ta zauna ƙarƙashin buta kamar baiwar Allah.
Muka zura mata ido mu uku
har ruwan ya fara magana.

Da safe na juye tankin motar kakaf,
ruwan wanka, ruwan wanke-wanke,
a gindin ta biyar.
Mushabbab ya ce akwai famfo ai.
Na ce na sani.

Muka kama hanya da gora biyu kacal.
Motar ta yi sauƙi,
cokulan ma, ban san dalili ba,
sun yi shiru har Ɗa'if.