Wata Huɗu da Kwana Tara

A hawa na uku, bayan tashar jirgin ƙasa ta Leeds,
akwai allon da muke rubuta buri.
Bara ya cika har gefe.
Yau lissafi ɗaya ne a kansa, da jan alƙalami:
wata huɗu da kwana tara.
Iyakar numfashin da ya rage a asusu ke nan.

Hajarmu ba ta fi kwalin ashana ba.
Ka manna ta a cikin firji,
in sanyi ya fara zamewa, ta buga maka waya.
Mahauta, masu suyar kifi, kantin magani biyu.
Na taɓa tsayawa gaban masu kuɗi a Landan
na ce duk firjin Turai sai ya san sunana.
Suka tafa.
Ni ma na gaskata bakina.

Sai kuɗin ruwa ya hau,
wuta ta hau, madara ta hau,
mutumin da ya ce in kira shi ko da tsakar dare
ya koma amsa ni da layi biyu:
yana mana fatan alheri,
a neme shi in kasuwa ta farfaɗo.
Fatan alheri ba ya biyan haya.
Ashe inuwar da na shimfiɗa tabarma a cikinta
ta gajimare ce.

Mu tara ne, muka koma shida.
Ranar da zan sallami Gethin
na haddace jawabi gaban madubin banɗaki,
da na zauna gabansa, harshe ya ƙi.
Shi ya cece ni:
"Na gani tun watan jiya, Tasi'u,
fuskarka ba ta iya riƙe sirri."
Ya ɗauki kofinsa mai hoton kare,
ya bar min mabuɗan aikinsa a takarda, a jere, da rubutu mai kyau.
Da zagina ya yi, da na fi samun barci.

Kujerun nan uku, wani likitan haƙori daga Bradford ya taya.
Na ce albarka.
Ya ƙara fam biyar, na sallama.

Barira, da muka haifi wannan abu a teburin kicin ɗinta,
ta daina ɗaukar albashi ba ta faɗa min ba.
A takardar banki na kama ta.
Muka yi faɗa ƙasa-ƙasa, a bakin matakala,
kowa na rantsuwa shi ya fi cancantar yunwa.

Yayana ya kira daga Gusau: "Shugaba, ya kamfani?"
Na ce, "Alhamdu lillahi."
Ba ƙarya na yi ba,
ban dai ƙarasa zancen ba.

Daren Laraba, uku saura kwata,
ɗaya cikin na'urorinmu ta yi kuka a Harehills.
Firjin Rebwar mahauci ya mutu
da raguna goma sha ɗaya a cikinsa.
Wayarsa ta tashe shi, shi kuma ya tashe ni,
don bai san wa zai kira ba.
Muka yi ta jidar nama cikin yayyafi
zuwa shagon maƙwabcinsa,
ni da rigar barci a ƙarƙashin kwat,
kafaɗa duk maiƙo.
Ko tsoka ɗaya ba ta ɓaci ba.

Da gari ya waye ya biya kuɗin shekara dungurungum,
ya cusa min cinya guda a leda,
ya ce ƙanensa na da shaguna biyu a Sheffield,
amma kada in sa rai, mutumin akwai maƙo.

Na hau bene, na goge allon da gefen hannu.
Na yi lissafi sau biyu, kada in yaudari kaina.
Wata huɗu da kwana goma sha biyu.

Barira ta duba, ta ce, "Kwana uku."
Na ce, "Kwana uku."
Ta ɗora ruwan shayi.
Naman kuwa yana bakin taga, inda sanyi ya fi,
don firjin ofis
tun Janairu muka sayar.