Ƙidayar Zulmira

Da asuba Zulmira ta shiga fadamar Biritiba,
ruwa iya gwiwa, laka na tsotsar takalminta,
littafin ƙidaya a ƙirji, fensir a bayan kunne.
Kacalla ta fi ta tsawo.
Ta tsaya, ta kasa kunne.

Can ƙasa, inda ganye ke shan ruwa,
bikudinyo ya amsa,
ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba,
ƙirji baƙi kamar ya kwana a buhun gawayi,
ɗigon fari a kafaɗa.
Matarsa na biye, mai zane a wuya.
Biyu, ta rubuta.
Bara huɗu ta rubuta a wannan gurbin.

Yana da ɗan uwa a kudu, a gaɓar tekun Paraná,
bakinsu ɗaya, wutsiyarsu ɗaya,
sai dai shi toka ya shafa maimakon gawayi.
Valdomiro ke ƙirga su daga kwalekwale,
sai ruwa ya janye yake leƙa sheƙa.
Yakan kira ta bayan cin abincin dare:
"Nawa suna da ɗan yawa, amma teku na hawa,
jiya ya sha mini ƙwai biyu."
Ita takan ce, "Ni motocin yashi ne,
da ciyawar da aka kawo don shanu,
ta shaƙe kacalla ta hau kanta ta zauna."

An ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To yaya za a yi da wanda ruwan ne ke cinsa?

Masana sun raba musu shafi:
wannan yana bakin rami,
wancan da sauran 'yan taku.
Su ba su san da shafi ba,
ba su ma san juna ba.
Fiffikensu gajere ne, daga kara sai kara,
in fadama ta bushe babu inda za su nufa.

Rana ta ɗaga, sauro ya ƙoshi da wuyanta.
Daga nesa hayaƙin São Paulo ya tashi.
Ta juya za ta fita
sai wani kara ya motsa, ba iska ba ce.
Ƙaramin baki, gashi bai gama fitowa ba,
yana buɗe wa uwarsa maƙogwaro.

Ta lashi tsinin fensir,
ta soke biyun a hankali,
ta rubuta uku,
ta danna har takardar ta huje.